Kuɗin Idon Inna

Ni tela ce, kuma ban taɓa yin ɗinki irin na shekarun da aka buɗe siyasa ba. Shagona yana Sabon Gari a Maraɗi, ɗaki guda ne, amma a lokacin nan har bakin titi nake shimfiɗa tabarma ina yanka. Kowace jam'iyya sai ta buga atamfarta da hoton ɗan takararta ta raba wa mata, su kuma su kwaso su kawo mani. Ban taɓa tambayar kowa ra'ayinta ba. Wadda ta kawo kan wannan Alhaji in ɗinka mata, wadda ta kawo kan wancan in ɗinka mata, almakashina bai san ɗan adawa ba. Na sha raba fuskar mutum biyu da safe, da yamma in ji shi a rediyo yana alkawarin gyara ƙasa.

Garin kuwa babu daɗi. Ma'aikata sai su yi wata da watanni ba su ga albashi ba, lakwal, wato makarantar boko, yau a buɗe, gobe yajin aiki. Aka zo kuma aka karya darajar kuɗinmu sefa, abin da kika saya jiya da dariya yau sai ki taya ki ajiye ki wuce. Gidaje da yawa da aka sani da rufin asiri suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, kuma ba mai faɗa wa maƙwabci.

Kowane tela yana da buhun ƙyalle. Nawa in ya cika nakan raba shi biyu, rabi in kai Tsibiri inda mahaifiyata take zaune, rabi in kai Jiratawa, garin da aka haife ta. Mata suna son ƙyalle. Da shi ake yi wa zane faci, da shi ake ƙulle kanwa da gishiri da daddawa, da shi kuma ake ƙulle kuɗi. A shekarar da nake ba da labari, atamfar wani ɗan takara guda ita ta cika buhun, don ya fi sauran sakin hannu. Da hannuna na bi gida-gida na raba ƙyallayensa, ana ta sa mani albarka ina amsawa.

Mahaifiyar tawa, Inna, unguwarzoma ce. Ni ce ɗiyarta ta fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" shi ne sunana, ranar da ta ji daɗina kuma ta ce "wannan". Rabin matan unguwarmu a Tsibiri a hannunta suka haihu, sauran rabin a hannunta aka haife su. Yanar ido ta fara rufe mata gani sannu a hankali, ta ɓoye mana har ranar da ta tsiyaya wa baƙo fura a ƙasa, ƙwaryar tana gefe. Kafin shekara biyu ta daina bambance mutum da garu. Duk da haka ba ta daina zuwa wurin naƙuda ba, wai hannu ke karɓar haihuwa, ido ɗan kallo ne kawai. Abin da ke cinta a rai shi ne jikokin da aka haifa bayan idon ya tafi. Takan ɗora su a cinya ta shafa fuskarsu, ni kuma in tashi in fita don kada in yi kuka gaban yara.

Sai muka ji likitocin ido sun zo daga waje, sun sauka a wani asibiti, za su yi kwanaki suna cire yana. Na kai ta suka duba, suka ce idon zai buɗe in Allah ya yarda, amma a biya kuɗin aiki da magani da gado kafin hantsin Asabar. Ranar za su yi wa na ƙarshe aiki su ɗaure kayansu, sai kuma baɗi, in sun dawo. Ƙanena mushe ne, malamin lakwal, aljihunsa ya daɗe da manta kamannin albashi. Ni kuma abin da na tara na riga na zuba shi a keken ɗinki na biyu. Muna cikin wannan tunani labari ya shiga gidajen mata.

A wurinmu gudummawar ciwo ba irin ta biki ba ce, da ake ɗaga kuɗi sama ana faɗin sunan mai su. Mace takan ƙulle abin da ta samu a ƙyalle tun daga ɗakinta, ta zo dubiya, in za ta tashi ta danƙa wa mai ciwo a tafin hannu ta ce a sha kunu. Ba a kwancewa a gaban mutane. Mai ciwo ce za ta kwance, ita kaɗai a ɗaka, kuma abin da ta tarar a ciki ba ta faɗa wa kowa, ko mijinta. Haka muka taso muka gani, ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba.

Kwana biyu matan Tsibiri suna shigowa suna fita. Daga nan Inna ta kafe sai an kai ta Jiratawa ta nemi gafarar danginta, don a ganinta wanda za a sa wa wuƙa a ido bai kamata ya tafi da haƙƙin kowa ba. Can ma aka yi ta danƙa mata. Zuwa ranar Alhamis ƙulli talatin da bakwai ne a cikin ƴar jakarta, ba ta kwance ko ɗaya ba. Ta ce za ta ƙara kwana wurin ƙanwarta, amma ɗakin labule ne ƙofarsa, ni in wuce da jakar Maraɗi in kulle a akwatina na ƙarfe har ta iso. Ta ja mani kunne sau biyu kada in taɓa ƙullin kowa. Na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na rungume jakar, kuma ko kaɗan bai faɗo mani a rai ba cewa Lahadi mai zuwa zaɓe ne.

A bakin gari akwai shinge, igiya da ganga biyu. Satin nan ƴan sanda sun tsananta bincike, don kowace jam'iyya tana kukan cewa ɗayar tana yawo da kuɗi tana sayen ƙuri'a. Wani dogo a cikinsu ya tambaye ni abin da ke cikin jakar. Da na yi magana mai daɗi wataƙila da na wuce, amma bakina bai saba ba, na ce masa kayan mata ne, in yana so ya duba ya fara duba na matarsa. Ya karɓi jakar ya buɗe a kan ganga. Ya kwance ƙulli ɗaya, kuɗi. Ya kwance na biyu, kuɗi. Da ya kwance na uku sai ya kira abokinsa.

Sai a lokacin na kalli jakar da idon wani. Ƙananan ƙulli ne ras, kusan girma ɗaya, kuma kowanne da guntun fuskar mutum guda. Ga hula a wannan, ga kunne a wancan, ga rabin murmushi, ga ido ɗaya yana leƙena daga gindin jaka. Ko ni aka nuna wa haka saura kwana uku zaɓe, zan ce kuɗin sayen ƙuri'a ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ƙyallayena ne suka dawo mani. Duk da haka ban sauko ba. Na tambaye su wane mahaukaci ne ke ɗauko kuɗin siyasa daga ƙauye ya kawo birni. Dogon ya ce ai Sabon Gari ma akwai masu jefa ƙuri'a, in hau mota.

Komisar ɗin da aka kai ni gabansa, shugaban ƴan sandan wurin, matashi ne, ba ɗan ƙasarmu ta Katsina da Gobir ba, Hausarsa ta koyo ce amma tsaf take. Bai yi mani tsawa ba. Ya saurari labarina har ƙarshe, ya juya ƙulli guda a hannunsa, ya dubi kunnen Alhaji, ya dube ni.

"Madam, ban ce kin yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma doka ta ba ni ikon riƙe kuɗin da aka samu a hali irin wannan, har mai su ya nuna inda suka fito. Ki kawo matan. Kowace ta nuna nata, ta faɗi abin da ta sa, in kwance in gani. In ba haka ba, sai bayan zaɓe alƙali ya duba."

Na ce masa bayan zaɓe likitoci sun tafi. Ya ce shi ya sa ya nuna mani gajeriyar hanya.

Siyasa ba ta cika mana ciki ba, amma ta buɗe mana baki. Ina yi wa matar wani magatakardan kotu ɗinki, kuma a bakinta na taɓa jin cewa abin da hukuma ta riƙe dole ta ba da takarda. Na san ƴan sandan nan su ma sun daɗe ba a biya su ba, na kuma san kuɗin da suka kwana a hannun mai yunwa da wuya su wayi gari da ƙibarsu. Na ce ba inda za ni sai an ƙirga ƙullin a gabana, an mayar da ukun da aka kwance yadda suke, an ɗaure jakar an buga hatimi, an ba ni takarda. Wani tsohon ɗan sanda mai muƙamin birgadiye da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi tari don ya ɓoye dariya. Komisar ya yi duk abin da na ce, har ya sa ni na sa hannu a kan ɗaurin. Na fito ina jin na gama da su.

La'asar ta yi mani a Jiratawa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na zayyana mata kome, har da yadda na sa komisar ya buga hatimi, ina jira ta ce "wannan". Na ce abu mai sauƙi ne, gobe mu tara matan, kowace ta faɗi abin da ta sa, a kwance a gani, mu karɓi kuɗinmu kafin a tafi masallaci. Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba.

"Ba a kwance ƙullin kowa da sunanta," ta ce.

Na ɗauka ba ta fahimta ba, na sake bayani da ƙarfi, kamar kunnen ne ya mutu. Na ce ba mu muka zaɓa ba, hukuma ce. Na ce matan nan don Allah suka bayar, ba wadda za ta ji kunyar faɗi. Ta ce ni yarinya ce, alhali a lokacin ina da ɗiya da ta isa aure. Raina ya ɓaci. Na faɗi maganganun da har yau nake jin nauyinsu. Na ce mata al'ada ba ta zura zare a allura, na ce in tana so ta mutu ba ta ga fuskar jikokinta ba ita ta jiyo, ni na gaji da jan sanda. Ƙanwarta ta ce in ji tsoron Allah. Sai da na gaji don kaina Inna ta ce, "Ido biyu na, su kau mutane talatin da bakwai na." Na kwana a gidan ban sake yi mata magana ba.

Da na fito da safe na same ta ta riga ta yi wanka, ta yafa babban mayafinta, da sabuwar ƙwarya a cinya. Ashe tun da yamma ta sa ƙanwarta ta bi gidajen matan, ta kuma aika wa ƙanena ya tara na Tsibiri. Saƙon guda ne: kowace ta zo, kuma in dai tana numfashi ba ƙullin da za a kwance a ce na wance ne. Ta miƙo mani hannu ta ce in kai ta wurin yaron nan komisar. Ban san abin da ta shirya ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Matan Jiratawa a bayan motar albasa suka zo, na Tsibiri a taksi biyu da ban san yadda aka cusa su ba. Kafin hantsi harabar komisariya, ofishin ƴan sandan, ta cika da mayafai da goyo. Wasu suna ta hira kamar gidan suna. Wasu kaɗan kuwa sun raɓe a jikin garu, ba sa kallon kowa, na ɗauka tsoron kakin ƴan sanda ne.

Komisar ya ba Inna kujera, ta ce ƙasa ta fi mata. Ya kwance hatimin a gabana. Kafin ya yi magana ta riga shi. Ta ce ita makauniya ce, kowa ya sani, kuma da hannunta ta karɓi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe ƙofa, ya ɗauki wanda ya ga dama ya sa mata a hannu, za ta faɗi mai shi. Sa'an nan ya haɗa shi da wasu a kan tebur, ya kira matar ta ɗauki nata. In sun saɓa ko sau ɗaya, ya riƙe kuɗin ya riƙe ta. Komisar ya dubi birgadiye, birgadiye ya ɗaga kafaɗa, aka rufe ƙofa.

Na san hannun Inna yana da ido, amma ban san ya kai haka ba. Ta murza na farko tsakanin yatsu, ta ce wannan bahaguwa ce, ƙullinta baya yake komawa, ta faɗi suna. Aka kira matar, ta shigo, ta dubi tebur ta ɗauki nata ba ta ko yi jinkiri ba. Na biyu Inna ta kai hanci, ta ce mai daddawa ce ta bayan masallaci. Na uku ta ce ɗaurin lambu ne, irin wanda ake yi wa damin alayyahu, ta matar ɗan ƙanenta ce. Wani kuma ta ce mai shi da haƙori take jan ƙulli, ga damshinsa ya bushe ya yi tauri. Da ta taɓa wani ta yi murmushi ta ce mai wannan ita ta koya mata, ɗaurin cibiya ne. Matan su ma kowace ta san rabonta a jikin Alhaji. Wata tsohuwa da aka kira ta ce ba sai ta duba ba, nata mai hanci ne, tun a gida ta ce wa jikarta hancin nan ya yi yawa. Birgadiye wannan karon bai ɓoye dariyarsa ba.

Da aka yi goma sha biyu ba kuskure, komisar ya ajiye alƙalami ya ce ya yarda matan nan su suka ƙulla. Saura abu guda. Mai sayen ƙuri'a ma yana iya ba mata kuɗi su ƙulle. Sai kowace ta faɗi abin da ta sa, ya kwance ya gani, ya rubuta. Ya kai hannu kan ƙullin da ke kusa da shi. Inna ta ji motsin, ta ɗora tafinta a kan jakar.

"Ɗana," ta ce, "kai doka kaka tsaro, ni kau asirin mutane nika tsaro. In sai an kwance da suna, to riƙe kuɗɗin. Na saba da duhu."

Wallahi a lokacin nan haushinta ya fi mani na komisar. Ga kuɗi a gabanmu, ga mutum ya sauko, saura taki ɗaya, ita kuma ta tsaya kan ƙyalle. Na buɗe baki zan yi magana ta ce "ke", na rufe. Birgadiye ya matso ya sunkuya ya yi wa komisar magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana yi. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga ya nuna ƙirjinsa, ya nuna wajen Gobir, kamar mai cewa shi ɗan can ne, ya san al'adar. Komisar ya shafa kai. Ya ce shi dai dole ya ga kuɗin da idonsa ya san adadinsu, ya tambaye ta yadda take so a yi.

Ta ce in miƙo mata ƙwaryar. Ta ajiye ta tsakanin ƙafafunta, ta juye ƙullin duka a cinya, ta cire mayafinta ta lulluɓe cinyar da ƙwaryar gaba ɗaya, ta tura hannayenta ƙarƙashi. Muna tsaye muna kallon mayafi yana motsi. Sai ka ji ƙarar silalla ta faɗa ƙwarya, sai shiru, sai ƙyalle ya fito ta gefe ta ajiye shi. Ta daɗe ƙwarai, don wasu matan in sun ƙulla abu kamar ba za a sake kwancewa ba har abada. Ba wanda ya ce ta yi sauri. Da ƙyalle na talatin da bakwai ya fito, ta gyara zanenta, ta janye mayafin.

Ni da nake karɓar kuɗin ƴan siyasa kullum na san kamanninsu: sababbi ne ƙar, masu yankan yatsa, jerin lamba ɗaya. Abin da ke cikin ƙwaryar nan kuwa takardu ne da suka yi laushi don tsufa, wasu sun sha man gyaɗa har ana ganin haske ta cikinsu, wata an liƙe ta da ƙaro, wata ma da zare aka ɗinke ta. Ga dala-dala da suka yi baƙi, ga tsofaffin naira biyu-uku da suka ɓato hanya. Warin daddawa da hayaƙi ya cika ɗakin. Komisar ya ɗauki wadda aka ɗinke ya ɗaga ta ya duba gaba da baya.

"Ba jam'iyyar da ke raba irin waɗannan," ya ce.

Ya ƙirga, ya rubuta jimla guda ba tare da sunan kowa ba, na sa hannu, ya tura mani ƙwaryar. Ya durƙusa ya ce wa Inna Allah ya ba da lafiya, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya raya masa zuri'a. Na tattara ƙyallayen zan tafi da su, ya ce in taimake shi in ɓoye fuskar nan har Litinin. Da muka fito matan suka taso, Inna ta ce musu an gama, kowace ta koma gidanta da mutuncinta. Na lura waɗanda suka raɓe a jikin garu su suka fi daɗewa riƙe da hannunta.

Kuɗin ba su cika ba, sun gaza da kaɗan. Na cike da ladar ɗinkin ankon wannan ɗan takarar dai, saboda haka in an bi diddigi kuɗin siyasa sun shiga idon Inna, sai dai ta hanyar halal. Tun ranar Juma'ar na biya, Asabar da safe aka shiga da ita.

Kafin a shiga aka ba ta rigar asibiti, wata ma'aikaciya ta miƙo mani zanenta. Zaman jira ya ishe ni, na ce bari in wanke shi a famfon da ke bayan ɗakin. Ina tsoma shi a ruwa na ji ƙulli a haɓarsa. Na ɗauka goro ne, na kwance. Tsingaro ne, guntayen fasasshiyar tukunya, guda tara. Ba tsintar su aka yi haka kawai ba. An zauna an goga su a kan dutse har suka yi zagaye, girman silalla da kaurinta, yadda in an ƙulle su a ƙyalle mai gani zai ce kuɗi ne. Gugar ma ba iri ɗaya ba ce, hannu ya fi ɗaya.

Na zauna a bakin famfon, ruwa yana zuba ban kashe ba. Wato a cikin matan nan akwai waɗanda ba su da ko dala a ɗaka, kuma ba za su iya zama a gida a ce unguwarzomar da ta karɓi ƴaƴansu tana ciwo ba su leƙa ba, ba za su kuma iya shiga su fito hannu sake ba. Suka goga tsingaro suka kawo, sun san hannun da za su danƙa wa. Inna ta ji abin da ke ciki tun ranar da aka sa mata a tafi, ta yi godiya irin wadda ta yi wa kowa. A ƙarƙashin mayafi, gaban komisar da ni, ta zare su ɗaya-ɗaya ta tura a haɓar zane. Ni kuwa da bakina da takardata da hatimina, na so a kira su da suna a gaban mata sama da talatin a tambaye su nawa suka sa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ƙulle tsingaron a bakin mayafina, na wanke zanen na shanya.

Ido ɗaya ya buɗe tar, ɗayan ya tsaya a hazo-hazo. Ranar da aka cire bandeji aka jera mata jikokin, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya ta daɗe, sa'an nan ta ce autan ƙanena kunnuwan dangin uwarsa ya kwaso, ita da ta sani da ba ta yi gaggawa ba. Muka yi dariya har da hawaye. Zaɓe kuwa an yi ba da ita ba, kuma ban ji ta tambayi wanda ya ci ba.

Na yi shekaru ina kallon matan nan a wurin suna da biki ina auna su. In na ga wadda zanenta ya koɗe in ce ko ita ce, sai kuma in tuna a shekarar nan har matan manyan ƴan kasuwa sun sayar da kwanoninsu a ɓoye. Na sa wa Inna ido ko zan ga ta bambanta wata a gaisuwa ko a rabon goro, ban taɓa kama ta ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nata ya riƙe abin da aka ba shi.

Sau ɗaya na tambaye ta. Ta zo Maraɗi ta wuni a shagona, lokacin nawa idon ya fara neman tabarau, ita ke zura mani zare a allura tana yi mani gori. Ba kowa sai mu biyu. Na buɗe akwatin keke na fito da tsingaron na zuba a gabanta, na ce na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ina so ne kawai in san su wane ne, ko don in riƙa yi musu ɗinki kyauta. Ta dube su da idon nan mai kyau, ta lashi bakin zare, ta ɗaga allurar wajen haske.

"Ke," ta ce, "lokacin nan makauniya nike. Ban ga kome ba."

Ta miƙo mani allurar da zaren a ciki.